Wanzami yana da sarki, mai jinyar hankali fa?

A ƙasar Hausa ba a barin sana'a ba uba. Mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera suna da Sarkin Maƙera, wanzamai da magina da masunta kowa da nasa, kai har makafi da kutare an naɗa musu sarki. Magabata ba don ado suka yi haka ba. Idan wanzami ya cire wa jariri beli ya yi ɓarna, akwai zauren da za a kai ƙara. Idan kuma shi aka ci wa haƙƙi, akwai mai tsaya masa a gaban hakimi. Yaro ba ya rataya zabira ya shiga gari da aska sai ubangidansa ya ce hannunsa ya faɗa.

Akwai wata sana'a da ta shigo mana nan Madarumfa a ƴan shekarun nan, wadda har yau ba mu daidaita ko kan sunanta ba. Wasu su ce psikolog, yadda ake faɗi da Faransanci, wasu su ce mai ba da shawara, tsofaffi kuwa cewa suke "yaran nan masu sa mutane magana". Aikinsu shi ne su zauna da wanda masifa ta girgiza, su saurare shi, su gane ko damuwa ce wadda magana za ta sassauta, ko kuwa ciwo ne da sai an dangana da likita. Ni malamin makaranta ne, ba ma'aikacin lafiya ba. Amma aji ne wuri na farko da irin wannan ciwo yake nuna kansa ga yaro, shi ya sa na ga ya dace in bi sawun sana'ar nan, in ga daga ina ta fito, da abin da ya sa masu yin ta suke tsaye kamar marayu.

Mu fara da abin da aka gada. Bayan masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa. Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836. Sun taho da tsarin sarautarsu, ciki har da sarautar mace: Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri. Iya ƴar gidan sarauta ce, kuma ita ce uwar ƴan bori. Matar da ta rikice bayan haihuwa, ko ta daina magana, ko take ta faɗuwa ba dalili, idan an gaji da magani akan kai ta girka. Ana keɓe ta kwanaki, ana ba ta jiƙo da turare, ana kaɗa mata garaya, a ƙarshe a fito da ita gaban jama'a. Wata Bafaranshiya mai suna Jacqueline Monfouga-Nicolas ta zauna cikin ƴan borin ƙasar Maraɗi, ta fitar da littafi a kansu a 1972.

Ni Musulmi ne, kuma ba na kiran kowa ya koma wajen iskoki. Tsarin nake so mai karatu ya duba. Wadda aka yi wa girka ba ta komawa gida ita kaɗai da ciwonta; ta shiga cikin wasu mata da suka taɓa shiga irin halin da take ciki, tana da uwar ɗaki, tana da wurin zuwa. Mai yin girkar ma ba da ka take aiki ba. Akwai wadda ta koya mata, akwai Iya a bisanta, Iya kuma tana da kujera a fada. Mai jinyar hankali na wancan zamani yana da suna, yana da makaranta, yana da mai tsawata masa, yana da mai kare shi. Wannan gida ya raunana sannu a hankali, kuma a watan Nuwamba na 2000, lokacin tarzomar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, gidan Iya yana cikin wuraren da aka kai wa hari a Maraɗi.

Hanya ta biyu ita ce ta malamai, wato rubutu da tofi da addu'a, da ziyara. Mu nan ba sai an ba mu labari ba, tunda kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabkinmu tun kaka da kakanni mutane suke zuwa musu da bukatunsu. A Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, ƴar'uwarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda jajis, mata dattijai, suke kai karatu da nasiha ga matan ƙauye har cikin gidajensu. Malami ma yana da silsila: an san wajen wa ya yi karatu, an san wanda ya ba shi izini.

Kada dai mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin girka da rubutu, ya fara duka ko yawo tsirara, turu ne makomarsa. A fafe gungume, a zura ƙafarsa, a bar shi a bayan gida shekara da shekaru. Kalmar turu da kalmar mari ba Bature ya kawo mana su ba.

Da Faransa ta zo, abin da ya dame ta game da mahaukaci shi ne kada ya tayar da hankalin gari. A ƙasarsu suna da dokar 1838 da ta tilasta wa kowace gunduma tanadin gidan masu taɓin hankali, amma a Afirka ta Yamma ba su gina ba. Daga 1897 zuwa 1914 sai suka riƙa loda marasa lafiya daga Senegal a jirgin ruwa zuwa wani asibiti a birnin Marsey. Mutum fiye da 100 aka kai, kuma mafi yawansu can suka mutu, cikin sanyi, tsakanin mutanen da ba su jin harshensu. Sai a 1938 gwamnatin Dakar ta fitar da takardar kafa sashen kula da masu taɓin hankali na Afirka ta Yamma, yaƙin duniya kuma ya zo ya danne ta. A gefen Ingilishi an buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, aka bi da na Yaba a Legas, aka yi doka a 1916. A garuruwan Arewa kuwa galibi wani ɓangare na gidan yari ake warewa. Ma'aikacin da zamanin ya samar wa mara lafiya, ke nan, gandiroba ne. Ko ƴan mishan da suka gina asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja, nan kusa da mu, a 1956, jiki suka sa gaba.

Akwai wani labari na ƙasarmu da yake nuna yadda mai mulki yake kallon abin. A 1925, a Shikal cikin ƙasar Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojan Bature: maci, sara wa manya, ba da oda. Samari da ƴanmata suka bi ta, suka daina jin maganar sarki. An kira su Babule, an kuma kira su Hauka. Kwamandan Yamai, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su da dama aka kulle, aka yi musu duka. Ba a daɗe ba sai ga sabon iska ya bayyana a cikinsu, sunansa Kwamanda Mugu. Ƴan ci-rani suka tafi da abin har Ankara, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa na 1955, Les Maîtres fous. A ƙarshen fim ɗin an nuna mutanen da jiya suke kumfar baki, yau suna bakin aikinsu lafiya lau, wasu ma suna haƙa rami a gaban asibitin mahaukata na birnin. An soki fim ɗin ƙwarai, kuma da hujja. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne, mutanen da aikin tilas da haraji suka matse sun ƙirƙiro wa kansu hanyar fitar da abin da ke cin su, hukuma kuma ba ta ga komai a ciki ba sai laifi.

Mutum biyu ne suka juya akalar abin a yankinmu. Na farko Thomas Adeoye Lambo, ɗan Abeokuta, wanda ya dawo daga karatu a Ingila ya kama aiki a Aro a 1954. Ginin asibitin bai ƙare ba, sai ya roƙi dagatan ƙauyukan da ke kewaye su saukar da marasa lafiya a gidajensu, kowane tare da ɗan'uwansa mai jinya, a biya mai gida kuɗin haya. Da safe a je asibiti a karɓi magani, da yamma a dawo cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. A 1961 ya tara taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta, daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Na biyu Henri Collomb, likitan soja Bafaranshe, wanda ya karɓi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Fann a Dakar a 1959 ya riƙe shi kusan shekara 20. Ya ce kowane mara lafiya ya zo da mai raka shi su kwana tare. Ya kafa zaman da ake kira penc da Wolof, wato dandali, inda majinyata da danginsu da ma'aikata suke zama a tabarma ɗaya kowa ya faɗi abin da ke ransa. Mujallarsu, Psychopathologie africaine, ta fara fita a 1965, kuma a 1974 aka buɗe ƙauyen jinya a Keniya kusa da Ziginshor.

Abin da ya taimake su, a 1952 likitoci a Paris sun gano amfanin maganin da ake sayarwa da sunan Largactil. Da ƙwaya ta iya kwantar da mai fisge-fisge, sai aka samu damar kwance shi a zauna a yi magana. Lambo da Collomb duka sun gane cewa ƙwaya rabin aiki ce. Sauran rabin, wato zama da saurare da shirya mutum da danginsa, nas-nas ne suka yi shi, da masu tafinta, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da matan ƙauyen Aro da suka buɗe ɗakunansu. Sunan likitocin biyu ya shiga littattafai. Na sauran bai shiga ba, kuma ba a fitar musu da wani matsayi da za su gadar wa na baya ba. Da shugabannin suka tafi, kuɗi suka ja baya, sai tsarin ya yi ta ƙanƙancewa.

A Nijar, abin da kowa ya sani shi ne Pavillon E na babban asibitin Yamai, har sunan ya zama abin zolaya: a ce da mutum "sai an kai ka Pavillon E". Shekaru da yawa likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar nan da yatsun hannu ake ƙirga su, kuma akasarinsu suna Yamai, sama da kilomita 600 daga nan. Nauyin jihohi ya faɗa kan anfirme-anfirmen da aka ƙara wa horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Ma'aikatar lafiya tana da shirin ƙasa na wannan fanni, jami'ar Abdu Mumuni kuma tana yaye masu digiri a ilimin halayyar ɗan'adam. Amma a duba yawan jama'a. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi tana da mutum miliyan 3.4, gundumar Madarumfa kaɗai kusan dubu 450, kuma kowa ya san yadda muke haihuwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna a duniya ana samun ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 13 ga kowane mutum dubu 100, a Afirka kuwa ba su kai 2 ba. Shi ya sa mai hali a cikinmu yakan tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya ya nufi Katsina, ko Kware kusa da Sakkwato, ko Dawanau a Kano. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wannan ƙofa ma ta ƙuntata na tsawon watanni.

Mara hali kuwa gidan mari. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sake samun irinsa a Daura da Katsina. An yi ta tsine wa masu gidajen, kuma sun cancanta. Sai dai iyayen da suka kai ƴaƴansu can da hannunsu suka kai, har da biyan kuɗi, domin yaro ya faɗa tramol ko sholisho kuma babu wata ƙofa da suka sani.

Masu ba da shawara irin na zamani, mu nan masifa ce ta kawo mana su. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A shekarun da suka biyo baya ne na fara ganin, a cibiyoyin jinyar tamowa, an ware wani ma'aikaci wanda ba ya allura ba ya awo, aikinsa ya zauna da uwar da ta binne ɗa biyu tana riƙe da na uku, ya sa ta sake yi masa wasa. A 2018 kwalara ta ɓulla ta Nyelwa ta bazu a gundumar. Daga 2019 kuma sai ga ƴan'uwanmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina suna kwararowa, dubbai a kan dubbai, suna gudun ƴan bindiga. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ofis a Maraɗi, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makaho da Cadakori. Wutar ba ta tsaya a wancan gefen ba. Mutanen Gabi da na bakin dajin Baban Rafi sun san abin da ake nufi da a kwana a gona don tsoron a kwana a ɗaki.

A makarantar horon malamai an koya mana matakan girman tunanin yaro, an koya mana Piaget, mun haddace mun ci jarrabawa. Babu darasi ko ɗaya kan yaron da aka harbi ubansa a gabansa. Na taɓa samun ɗaliba a aji, daga wani ƙauye na kudu, wadda idan babur ya wuce bayan taga sai ta shige ƙarƙashin tebur, yara su yi ta dariya. Ba ta yi wata uku ba ta daina buɗe baki gaba ɗaya. Kakarta ta kai ta an yi mata ruƙiyya. Wata ma'aikaciyar wata ƙungiyar agaji ta riƙa zuwa duk mako, su zauna gindin bedi da takarda da fensir, yarinyar tana zane, ita tana tambaya a hankali. Ta kuma koya mini abubuwa biyu ko uku: in matsar da ita nesa da taga, in daina kiran sunanta ba zato, in sanar da ita tun kafin a buga ƙararrawa. Yarinyar ta fara amsa tambaya. Sai kwantaragin ma'aikaciyar na wata shida ya ƙare, kuɗin furojen bai dawo ba, ta koma Maraɗi tana neman wani aikin. Littafin da take rubuta bayanan yaran da take bi, babu wanda aka ce ta miƙa wa.

Ranar da ta zo sallama na tambaye ta, ita wa take gaya wa abin da take ji. Mace ce da take wuni tana sauraron labarin fyaɗe da yanka da kuɗin fansa, ta koma gida ta dafa tuwo. Ta yi dariya ta ce, "Mushe, sai dai matashin kai."

Wannan hali mu malamai mun san shi ciki da bai. A 1998 aka fara ɗaukar ƴan sa-kai a makarantu, daga baya aka mai da su ƴan kwantaragi, har suka fi malaman dindindin yawa. Ana ba su ɗan abin da bai kai albashi ba, a makare, babu fansho. Abin da aka samu na gyara, kaɗan ne ko mai yawa, ba kyauta aka ba da shi ba. Sandika irin su SYNACEB da SNEN ne suka yi ta yajin aiki da zaman tattaunawa. Ma'aikatan lafiya suna da SUSAS, likitoci da masu harhaɗa magani suna da SYNPHAMED, suna kuma da majalisar da ke riƙe da rajistar sunayensu. Masu ba da shawarar da na gani a gundumarmu kuwa, kusan dukansu ƙungiyoyin agaji ne suka ɗauke su, kowa da irin horon da aka ba shi: wani digiri ne na shekara biyar, wani kwas ne na kwana biyar, kuma duka sunan aikinsu ɗaya a bakin jama'a.

Wasu ƙasashe sun bi ta nan. A Amurka, dokar da shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1963 ta sa aka buɗe cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa cikin unguwanni, aka cika su da masu ba da shawara waɗanda doka ba ta san da su ba. Su ba likitoci ba, su ba malaman makaranta ba. A 1976 suka kafa ƙungiyarsu, AMHCA, kuma a shekarar ce jihar Bajiniya ta zama ta farko da ta fara ba su lasisi. Jiha bayan jiha suka bi, sai a 2009 Kalifoniya, ta ƙarshe, ta yarda. Inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, ba ta fara biyan kuɗin aikinsu ba sai 1 ga Janairu 2024. Shekara 48 ke nan, a ƙasar da ke da kuɗi da lauyoyi. Abin da suka yi ta nema bai wuce abu uku ba: a san wanda ya cancanci sunan, a hana wanda bai cancanta ba, a biya wanda ya yi aikin.

Maƙwabtanmu na kudu ma haka. Ana danganta farkon aikin a Najeriya da wasu sistoci na makarantar Saint Theresa a Ibadan, da suka gayyato mutane a 1959 su ba ɗalibansu shawara kan sana'ar da za su bi. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasar, CASSON, ta kafu a 1976, amma dokar da ta kafa majalisar tantance su sai a 2022 shugaba Buhari ya sa mata hannu. A Janairun 2023 ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita kuma jikar ta 1916 ce. Gana ta riga su, da dokar 2012 da majalisar masana halayya da ta biyo baya a 2013. Na san doka a takarda ba ta cire sarƙa daga ƙafar kowa. Amma ma'aikacin da doka ta ambaci sunansa yana da abin da zai ɗaga a gaban minista, wanda ba a ambata ba kuwa sai dai roƙo.

Za a ce mu talakawa ne, ina muka ga kuɗin ɗaukar masu digiri a kowane ƙauye? Gaskiya ne, kuma ba a bukatar haka. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa anfirmen ƙaramin asibiti gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, ya yi maganin abin da zai iya, ya tura sauran gaba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar asibitocin Harare, mai damuwa ya zo su zauna sau shida. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu da muke da tarihin jajis da ungozomomi, wannan ba baƙon abu ba ne. Sai dai masu yaba labarin kakannin nan sukan tsallake wani gefe: matan ma'aikatan lafiya ne na birnin tun asali, akwai ƙwararru a bisansu da suke bin aikinsu, akwai kuma inda suke tura wanda ya ce zai kashe kansa. In aka cire wannan, abin da ya rage tsohuwa ce da benci da nauyin da ya fi ƙarfinta.

Saboda haka ni a ganina abin da ya kamata masu wannan aiki su sa gaba, tun kafin maganar ƙarin kuɗi, shi ne gurbi. A ce a asibitin gunduma akwai kujerar mai ba da shawara wadda gwamnati ke biya, ko furoje ya zo ko ya tafi, kuma duk ƙungiyar da ta gama aikinta ta miƙa masa bayanan mutanen da take bi. Mun ga misalin haka a fannin tamowa: da gwamnati ta dakatar da MSF ta Faransa a 2008, ƙungiyar likitocin gida ta FORSANI ta ci gaba da aikin a Madarumfa, domin akwai ƴan ƙasa da suka riga suka haɗa kansu. Sai rajista, yadda uba zai iya tambaya ya san wanda zai shiga ɗaki da ƴarsa ya rufe ƙofa wane ne, wa ya horar da shi, wa za a kai wa ƙara.

Maganar sirri ma tana bukatar kariya, kuma a gari ƙarami irin namu ta fi ko'ina wuya. Matar da aka sako daga daji ta faɗi abin da aka yi mata. Gobe mijinta zai zo ya ce a gaya masa, jibi mai gari, wata rana jami'in tsaro yana son sunayen da ta ji ana kira a sansani. Likita yana iya cewa doka ta hana shi, kuma a bar shi. Yarinya ƴar kwantaragi mai shekara 26, wadda ba ta da kowa a bayanta, da wane baki za ta ce wa mai gari a'a?

Akwai kuma harshe. Ana horar da su da Faransanci, su zo su yi aiki da Hausa da Fulatanci. Bahaushe ba ya cewa yana da depresiyon. Cewa yake zuciyarsa ta ɓaci, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko tunani ya yi masa yawa, ko jikinsa ya mutu, mace kuma takan ce kanta ne ke yi mata yawo. Kowace da inda ta dosa, kuma mai aikin da ya shekara biyar a ƙauyukan Safo da Sarkin Yamma ya san bambancinsu fiye da kowane littafi. Wannan sani yana tafiya da shi ranar da kwantaraginsa ya ƙare. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan Maraɗi da sashen koyon aikin likita, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga bakin tabki. Da masu aikin suna da ƙungiya a jiha, ko reshe a cikin SUSAS, da sun iya zuwa can da murya ɗaya su nemi abu biyu masu araha: a tattara waɗannan kalmomi a rubuce don masu tasowa, a kuma ba su malami ɗaya da zai riƙa zama da su sau ɗaya a wata, ƙofa a rufe, su sauke masa abin da suka kwaso.

Mu ma malamai muna da namu a ciki. Duk shekara ana tara mu bita kan sabon tsarin koyar da karatu da lissafi. A cikin kwanakin nan a ba mai ba da shawara rabin yini, ya nuna mana alamomin da za mu lura da su, ya bar mana lambar da za a kira wadda ba za ta mutu bayan wata shida ba. A ajina na bana akwai yara huɗu da suka zo daga ƙauyukan da aka tasa, ɗaya daga cikinsu har yanzu da takalmi a ƙafa yake kwana, in ji uwarsa.